Tambayi Likita: Kurame da Jarabar Shan Giya

Tambaya: Likita, kunnena ya fara nauyi, kuma na daɗe ina shan giya. Ita ce ta jawo? (Wani magidanci, Zariya)

Amsa: Tana iya zama sanadi, domin yawan sha shekara da shekaru na taɓa jijiyar ji. Amma dattin kunne ko ƙarar inji ma na kawo haka. Je a auna maka kunnen, Malam.

Tambaya: Ɗana kurma ne, kullum sai ya sha burkutu ko giyar leda. Kawunnansa sun ce a kulle shi a ɗaki mako guda, a ɗaure masa hannu, a ɗura masa jiƙon amai. In yarda? (Wata uwa, Kaduna)

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada ki yarda. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in aka yanke masa lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara karkarwa da gumi da tashin zuciya. Wasu kafin kwana biyu jijjiga ta kama su kamar farfaɗiya. Wajen kwana na uku kuma akwai ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane, kuma wannan tana kisa.

Mai ji zai ƙwala ihu, ki jiyo shi daga tsakar gida. Ɗanki fa? Da hannu yake magana. Ga hannun yana rawa, alamun ba sa fita daidai, ga duhun ɗaki, ga igiya. Ɗaure hannun kurma toshe masa baki ne. Ta ina zai sanar da ke halin da yake ciki?

Jiƙon amai kuwa, wallahi abin na ci mini rai. Amai ba ya fitar da jaraba. Ruwan jiki yake ƙararwa, kuma mai maye na iya shaƙar aman ya gangara huhu. Mai yawan sha sau da yawa hantarsa ta riga ta taɓu, yunƙurin amai na iya fasa masa jijiya ya yi ta aman jini.

Ki kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A asibiti ana janye mutum daga giya a hankali, da maganin hana jijjiga da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa. Ku tafi da wanda ya iya irin maganar hannun da yake yi, don ta gida daban, ta makaranta daban. In kuwa ya fara jijjiga ko ruɗewa, ku nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ku jira gari ya waye.

Tambaya: Ni kurma ne, ina so in daina, amma yayana ke yi mini tafinta a asibiti, ina jin kunyar faɗin gaskiya a gabansa. (Wani matashi, Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, madalla da wannan niyya. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018 ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar magana da irinka, don haka ka nemi tafinta wanda ba ɗan gida ba. Reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa na jiharku zai iya haɗa ka da shi. In bai samu ba, rubuta wa likita a takarda ko a waya abin da kake sha, da yawansa, da lokacin da ka sha na ƙarshe. Ƙungiyar masu yaƙi da jarabar giya ta AA, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana da taruka a intanet da maganar hannu ta Amurka, mai kama da wadda ake koyarwa a makarantun kurame a nan. Amma fara ganin likita, kada ka yanke shan giyar kai kaɗai.

Tambaya: Zan iya zuba wa mijina maganin hana shan giya a abinci bai sani ba? (Wata matar aure, Jos)

Amsa: A'a, Malama. In ya sha giya a kan irin wannan magani, jininsa na iya faɗuwa, zuciyarsa ta rikice. Likita ke rubuta shi, kuma da sanin mai shi. Ku je asibiti tare.