Kada shekarar da aka rubuta a bakin ƙofa ta ruɗe ka

Ɗan'uwa, da na ga tambayarka, wai kwana biyu kawai gare ka a Tokiyo kana son ganin wuraren bauta mafi tsufa, sai da gabana ya faɗi, domin nan aka taɓa cutata. Kowa a zauren nan zai ce maka Sensoji, wurin bautar mabiya Buddha da ke unguwar Asakusa. Ka je, ban hana ka ba, amma ka ji tawa tukun.

Mahaifina kafinta ne, tun tasowarsa katako ya sani. Da zan taho, abu ɗaya ya roƙe ni: in nemo masa hoton aikin katakon mutanen da na Japan. Sai na ɗauki wani ɗan rakiya a Asakusa, na biya shi kuɗin da ya isa kwanan masauki. Ya tsayar da ni gaban babban ɗakin, ya ce tun shekarar 628 wasu masunta biyu 'yan'uwa suka tsamo gunkin Kannon daga kogin Sumida, a 645 aka kafa wurin. Na tambaye shi har sau biyu, wannan ginin da nake kallo shi ne? Ya ɗaga kai, ya ce shi ne. Na tura wa Baba hotuna a daren. Tsoho ya kai waya majalisa, yana nuna wa abokansa ginshiƙai, yana cewa ku dubi itacen da ya haura shekara dubu bai ruɓe ba.

Bayan mako uku wata abokiyar aikina 'yar ƙasar ta ga hoton, ta ce ai kankare ne. Tsohon ginin ya ƙone a daren 10 ga Maris 1945 da jiragen Amurka suka yi ruwan wuta, mutum kimanin 100,000 suka mutu. Wanda ke tsaye a 1958 aka gama shi, ita ma ƙofar Kaminarimon mai jar fitila ta 1960 ce. Wallahi ban iya cin abinci ba ranar. Na kira Baba na faɗa masa. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, “To ni yanzu me zan ce wa mutane?” Kuɗin ban damu da su ba. Mutumin nan ya san gaskiya, aikinsa ne, ya ga baƙo ne ni, ya sa na yi wa mahaifina ƙarya. Har yau ban huce ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, taku kaɗan daga inda muka tsaya akwai ɗakin bautar Shinto (addinin gargajiyar Japan) na Asakusa, ginin 1649, wanda wutar ba ta ci ba. Bai ko nuna min ba. Kai ka tsaya nan ka daɗe, ka dubi sassaƙa da fenti.

Daga nan ka hau jirgin ƙasa layin Chiyoda ka sauka a tashar Nezu. Ginin ɗakin bautar Shinto na Nezu na 1706 ne, kuma wurin shiru, babu turmutsitsin Asakusa. Wurin bautar Gokokuji ma, babban ɗakinsa na 1697 ne, ya tsallake girgizar ƙasa ta 1923 da yaƙin duka, tasharsa na layin Yurakucho. Ka sa takalmin da ke saurin cirewa. In da hali, akwai ɗakin gunkin Jizo na wurin bautar Shofukuji can garin Higashimurayama, ginin 1407, sai dai tafiya ce, kuma galibi daga waje za ka kalle shi.

Maganar salla kuma, tunda na san za ta dame ka: akwai masallaci a Asakusa, da ƙafa ma za ka je, ka tsara Azahar ta same ka a can. A wuraren bautar nasu kuwa, za ka ga mutane suna jefa kwabo, suna tafi, suna sunkuyawa. Babu mai tilasta maka, ka koma gefe da ladabi ka yi kallon gininka. Ka fita da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido, kuma don Allah kada ka ɗauki kowa a bakin ƙofa.

Na koma Nezu ni kaɗai na ɗauko wa Baba hoton kusurwar rufin, inda katako ya shiga cikin katako. Ya sa ƙanena ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce in na sake zuwa in ɗauko masa ta ƙasan ginshiƙi, wajen da itace ya zauna kan dutse. Ban samu komawa ba har yanzu. In ka isa, ka ɗauko min shi.