Ikkilisiyarmu ta yi sanyi: ko gayyato babban bawan Allah zai farfaɗo da ita?

TAMBAYA

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni dattijo ne a wata ikkilisiya, kuma abin da ke hana ni barci shi ne mun yi sanyi. Ran Lahadi ana zuwa, amma addu'ar tsakiyar mako da ƙyar muke kai mutum goma sha biyar. Matasanmu suna ta zamewa zuwa wata sabuwar majami'a inda ake cewa akwai wuta da shafewa. Fastonmu mutumin kirki ne, sai dai ya gaji, komai a kansa yake. Wasu dattawa sun ce mu gayyato wani shahararren bawan Allah ya yi mana falkaswa ta kwana uku, mu kuma sayi sababbin kayan kiɗa. Wasu har sun fara raɗe-raɗin cewa faston ne ba shi da shafewa, a nemi a canja shi. Me ke sa shugabanci da hidimar ikkilisiya su zama da rai? Ina tsoron kada ta mutu a hannunmu.

AMSA

Dattijo, Allah ya saka da wannan nawaya. Dattijon da ya rasa barci saboda tumaki alama ce cewa akwai sauran numfashi a majalisarku. Amma kafin ku kashe ko sisi a kan baƙon mai wa'azi, sai mun tsaya a kan kalmar nan "shafewa", domin yadda ake amfani da ita yanzu ya rushe ikkilisiyoyi da yawa, kuma na ga ta riga ta shigo taronku.

Abin da aka cusa wa mutane shi ne: ran ikkilisiya yana zaune a jikin mutum guda mai wani iko na musamman, ana gane ikon da ƙarar murya da faɗuwar mutane ƙasa da cikar ɗaki, in kuma naku faston ba shi da shi, sai a yi hayarsa daga waje. Ina roƙonka ka buɗe Wahayin Yahaya sura 2 da 3 a gaban dattawa, ku karanta wasiƙun nan bakwai a zama ɗaya. Sardisu ta yi suna cewa tana da rai, Ubangiji ya ce matacciya ce. Lawudikiya tana ganin ta wadata ba ta rasa komai ba, ya ce zai tofar da ita. Biyu ne kaɗai bai tsauta musu ba, Simirna mai fama da talauci da tsanani, da Filadelfiya wadda ya ce ƙarfinta kaɗan ne amma ta riƙe maganarsa. Da ma'aunin da ake yayi yau za a auna, da Sardisu za a aika matasa. Dubi Koranti kuma. Bulus ya shaida ba su rasa wata baiwa ba, amma a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari ya kira su jarirai, masu halin jiki, saboda kishi da jayayya. Baiwa ta cika musu gida, girma bai zo ba. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ɗari huɗu da hamsin sun yi ta ihu tun safe har rana ta karkata, babu wanda ya amsa. Addu'ar Iliya ba ta wuce aya biyu ba, wuta ta sauko.

Ban ce a yi sujada kamar ana zaman makoki ba. Waƙa da murna da ɗaga murya duk suna cikin Zabura. Abin da nake cewa shi ne lasifika ba ta shaida kasancewar Ruhu Mai Tsarki, ana iya sayenta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda wannan koyarwa take ƙarewa. Da zarar jama'a sun yarda cewa ikon yana jikin mutum ɗaya, ba mai iya tambayarsa. A tambayi inda baiko ya tafi, sai a jawo Zabura 105:15, a ce kada a taɓa shafaffe. Je ka karanta ayoyin da ke kewaye da ita. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsauta wa sarakuna kada su cuce su. Babu ruwanta da hana dattawa duba littafin kuɗi. Dawuda da ya ƙi kashe Saul a 1 Sama'ila 24, a cikin wannan surar ce ya ɗaga murya ya faɗa wa Saul laifinsa. Annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda ya ce masa shi ne mai laifin. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. 1 Timoti 5:19-20 ta tsara yadda za a karɓi ƙara a kan shugaba, da shaidu biyu ko uku, da yadda za a tsauta masa in ya ci gaba da zunubi. Sannan 1 Yahaya 2:20 da 27 suna faɗa wa dukan masu bi, har da tsohuwar da ke zama a bencin baya, cewa suna da shafewa daga Mai Tsarki. To, wa ya mai da ita gadon mutum ɗaya? Masu sayar da mai da ruwa da hankici, masu yanka wa addu'a farashi, su karanta amsar da Bitrus ya ba Siman a Ayyukan Manzanni 8 lokacin da ya zo da kuɗi yana neman sayen baiwar Allah. Wasiƙar Yahuza ta kira irin waɗannan gizagizai marasa ruwa. Hadari ya haɗu, an yi tsawa, gona tana nan a bushe. Kuma waɗanda suke biyan kuɗin wannan yaudara su ne mace mai neman haihuwa, da mara lafiyan da aka ce ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, da saurayin da in abin ya fashe sai ya bar majami'a gaba ɗaya, ba ya ƙara yarda da kowane fasto.

Idan za ku auna fastonku, ma'aunin yana 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9. Ka ƙirga abin da ke ciki: marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida wurin na waje. Gwaninta ɗaya ce tak a jerin, wato ya iya koyarwa. Sauran duk hali ne. Kai da bakinka ka ce mutumin kirki ne amma ya gaji. Ashe ciwon ba na shafewa ba ne, kaya ne kuka bar masa shi kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Yetro ya ga Musa zaune tun safe har yamma yana shari'a, ya faɗa masa zai gaji ya gajiyar da jama'a, sai aka naɗa shugabannin dubu, da na ɗari, da na hamsin, da na goma. A Ayyukan Manzanni 6, gunaguni ya tashi a kan rabon abinci, manzanni suka ce a zaɓi mutum bakwai su riƙe wannan, su kuma su duƙufa ga addu'a da hidimar Maganar. Aya ta 7 ce ta ce Maganar Allah ta yi ta bazuwa. Gyaran tsarin aiki ne ya buɗe wannan ƙofar.

Ku fara da kanku. Ka sa magatakarda ya kawo rubutun tarurrukanku shida na baya, ku ja layi biyu a takarda, ku ƙirga batutuwa nawa ne na gini da kuɗi da shirin biki, nawa ne kuma na rayuwar mutane. Yawanci layi na biyu kusan fayau ake samunsa. Daga nan ku juya tsarin taron: rabin sa'a na farko a buɗe rajistar membobi, a yi addu'a da sunaye, shafi bayan shafi, kowane zama a ci gaba daga inda aka tsaya. Dattawan da ba sa zuwa addu'ar tsakiyar mako ba su da bakin kuka cewa jama'a ba sa zuwa.

Sai a raba gidaje. Kowane dattijo ya ɗauki gida goma zuwa goma sha biyu, kada ya wuce haka, domin in sun yi yawa sai ya koma gaisuwa ta waya. Ku fitar da sunan duk wanda ya yi Lahadi huɗu a jere ba a gan shi ba, a kai masa ziyara cikin mako biyu, mutum biyu tare, kuma in mace ce a tafi da shugabar mata. Inda wannan aiki yake lalacewa shi ne a shiga gida da katin gudummawar gini a hannu, ko a fara da "me ya hana ka zuwa?" Ku zauna, ku tambayi lafiyar gida da aiki da yara, ku saurara, ku karanta aya, ku yi addu'a, ku tashi. A can ne za ku ji cewa wani ya yi wata biyu a kwance ba wanda ya leƙo shi, wata kuma tun da aka yi mata magana mai zafi a taron mawaƙa ba ta ƙara dawowa ba. Abin da aka faɗa muku kuma ya tsaya tsakaninku da fasto. In ya fita sau ɗaya, ƙofofi sun rufe muku. Bulus ya tuna wa dattawan Afisa cewa shekara uku ya yi yana koya musu a fili da kuma gida gida. A Ingila ma, ƙarfin farkawar zamanin John Wesley, mai wa'azin da ya fara ɗarikar Methodist, ya zauna ne a ƙananan azuzuwa na mutum wajen goma sha biyu da aka fara a Bristol a 1742, kowane aji da shugaban da ke ganin mutanensa mako mako yana tambayar yadda ransu yake. Taron fili ya tara jama'a, azuzuwan suka riƙe su.

Shi kuma fasto, ku kare masa safiya biyu a mako domin nazari da addu'a, ba taron kwamiti, ba rakiyar kowa, sai in rai ne ko mutuwa. Ku ba shi yini ɗaya na hutu na gaske, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Wa'azin da aka harhaɗa daren Asabar da gajiya, jama'a suna jin ƙanshinsa tun daga gabatarwa. Ku shawarce shi ya ɗauki littafi guda, a ce Markus ko Afisawa, ya bi shi sashe sashe na wata uku zuwa shida. Wannan yana hana shi maimaita jigogi huɗu da ya saba, yana kuma kashe zargin cewa da wani yake a bagade.

Batun kuɗi ba zan ja shi ba. Mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga baiko nan take, su sa hannu. Fitar da kuɗi ya buƙaci sa hannu biyu cikin uku. A karanta rahoto ga jama'a duk wata uku. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korantiyawa 8:18-21 ta nuna ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka ta. Haka horo: in ɗan mai hali ya yi laifi aka kau da kai, ɗan talaka ya yi aka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, matasa sun gani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matasan da suka tafi, kada ku zage su daga bagade. Ku kira biyar daga cikinsu, ku tambaye su abin da suka samu can, ku yi shiru ku ji. Sau da yawa za ka tarar a can an san sunansu, an ba su aiki tun makon farko, a wurinku kuwa mai shekara talatin har yanzu jera kujeru ne iyakarsa. 2 Timoti 2:2 ta ce a danƙa wa amintattu waɗanda za su koya wa wasu. Kowane mai riƙe da hidima, daga malamin makarantar Lahadi har ma'aji, ya sami mutum ɗaya da yake koya wa: wata uku yana kallo, wata uku suna yi tare, wata uku shi ke yi ana dubawa. Zai yi kuskure. A gyara masa a keɓe, a sake ba shi.

Falkaswar kuma ban hana ba, amma ku jinkirta ta aƙalla wata shida, har waɗannan abubuwa su kama ƙasa, in ba haka ba wutar kara za ku hura, ta ci ta mutu a mako ɗaya, ta bar jama'a suna raina faston da zai zauna da su bayan baƙo ya tafi. In lokacin ya yi, ku bincika wace ikkilisiya ce take da ikon tsauta wa wanda za ku gayyata. In babu, ku bar shi. Ku saurari wa'azinsa uku cikakku tukuna. Ku rubuta masa jigo da nassi, ku gaya masa ba sayar da komai, ba baiko na musamman da sunansa, ba ganawa da mata a ɗaki a rufe, ba hana kowa shan magani. Ku shirya masu ba da shawara tun kafin taron, mutum ɗaya ga kowane mutum uku da kuke sa ran za su fito, a rubuta sunan duk wanda ya fito da inda yake zaune, a kai masa ziyara cikin kwana uku, a sa shi ajin sababbin tuba Lahadi mai zuwa, kuma a rubuta sunansa a ƙarƙashin dattijon da gidansa ya fi kusa da shi.