Ɗana ya ga dutse na aman wuta a waya, yaya zan yi masa bayani?

Tambaya: Salam malam, yarona ɗan shekara 6 ya ga bidiyon dutse yana aman wuta a wayar babansa, tun ranar ya hana mu sakat, wai waye ya kunna wutar, kuma Dala ma zai yi haka? Mu a Kano muke, na rasa me zan ce masa.

Amsa: Wa alaikumussalam hajiya. Ki fara kwantar masa da hankali tukuna, don yaro in yana cikin tsoro ba ya jin bayani. Ki ce masa Dala ba zai yi ba, shi ba irin wannan dutsen bane sam.

Sai ki faɗa masa babu wanda ya kunna, kuma jan abin nan da ya gani yana gangarowa ba wuta bace irin ta itace, dutse ne ya narke. Can cikin ƙasa nesa sosai akwai zafi mai tsanani, a wasu wuraren har duwatsu na narkewa su yi ruwa-ruwa kuma da iskar gas a cikinsu, to narkakken dutsen nan bai kai duwatsun da ke kewaye da shi nauyi ba shi ya sa yake ta turowa sama a hankali yana taruwa, ranar da ya samu tsaga sai ya ɓalle ya fito. Zafinsa kan wuce digiri 1,000.

Ranar da za ki tuƙa tuwo ki kira shi ya tsaya daga nesa ya kalli talge. Zai ga yadda yake kumburowa, ya yi fut, ya fantsala gefen tukunya. Ki ce masa iska ce ke neman hanyar fita, kaurin talgen ya danne ta sai da ta fasa. Haka abin yake a dutsen, in narkakken ya yi kauri sosai gas ɗin na maƙalewa har ya fashe da ƙarfi ya watsa toka sama, in kuma tsinkakke ne sai ya dinga malala kawai. Wallahi wannan kallon na minti biyu ya fi masa dogon surutu amfani.

In ya tambayi ina ake yi, akwai Nyiragongo a Kongo da ya yi aman wuta a 2002 da 2021 kusa da garin Goma, ga Dutsen Kamaru nan maƙwabtanmu da ya yi a 1999 da 2000. Mu a Najeriya muna da tsofaffi a yankin Biu da kuma Filato, amma sun daɗe da yin shiru, mutane na noma a gindinsu. Maganar mutanen da suka rasu kuwa ki bar ta sai ya ƙara wayo, shekara 6 ya yi ƙanƙanta da ita.