Tambaya da Amsa: Matan da suka fara shiga faifan garmaho a Indiya

Tambaya: Malam, ina rubutu kan waƙoƙin Indiya na da. Wani ya ce min matan da aka fara ɗaukar muryarsu a faifan garmaho duk karuwai ne, ba mawaƙa ba. In haka ne, ina tsoron in ɓata aikina a kansu.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ci gaba da aikinki. Wannan magana ta ishe ni. Kullum sai na ji ta daga bakin wanda iliminsa kan tawa'if, wato irin matan da kike magana a kansu, bai wuce rawar da ya gani a fim ɗin Indiya ba.

Tawa'if mata ne da ake ɗaukar musu malamai tun suna ƙanana, su yi shekaru suna koyon raga (tsarin karin sauti na kiɗan gargajiyar Indiya), da salon waƙa irin su khayal da thumri da dadra, da rawar kathak da waƙen Urdu. Gaskiya ne da yawansu suna ƙarƙashin kulawar sarakuna da attajirai, wasu ma da alaƙa a tsakani. Amma wannan bai goge gwanintarsu ba. Ƙungiyoyin yaƙi da rawar nautch, wato rawar da irin waɗannan mata ke yi a gaban taro, da suka yi ƙarfi tun daga shekarun 1890, su suka haɗa kowa a kwando ɗaya, kuma har yau mutane na maimaitawa ba tare da bincike ba.

A 1902 Fred Gaisberg, mai ɗaukar sauti na kamfanin Gramophone, ya isa Kalkata da na'urarsa. Manyan ustazan waƙa maza da dama suka noƙe, wasu don kada a sace musu fasaha, wasu don raini. Gauhar Jaan, ɗaya daga cikin tawa'if, ta shiga. Raga da ake shafe awa guda ana warwarewa, ita ta matse shi cikin minti uku, tana ɗaga murya cikin ƙahon na'urar tunda babu makirfo. Wanda bai ƙoshi da ilimi ba ba zai iya wannan ba. A ƙarshen faifai takan faɗi sunanta da Turanci, saboda a Hanoba ta Jamus ake buga faya-fayan, ma'aikatan can kuwa ba su san mai waƙar ba.

Ki nemi Zohrabai ta Agra, wadda ta rasu a 1913, wadda manyan mawaƙa maza suka yi koyi da salonta, da Janki Bai ta Allahabad. In kin ji muryar ta yi siriri, laifin ƙahon ne, domin ba ya kama sauti mai kauri. Mai cewa ba mawaƙa ba ne, ki kunna masa Zohrabai, ki ce ya faɗa miki ragar da take yi.