Ko Akwai Daɗin Maimaita Professor Layton?

Ɗan'uwa, ka ce me ya rage a sake buga Professor Layton, wasan bidiyon nan mai cike da wasa ƙwaƙwalwa, bayan an san ƙarshen labari? Akwai sauran daɗi mana. Da daminar nan a Gusau na koma kan na farko, wanda kamfanin Level-5 na Japan ya fitar a 2007 don Nintendo DS. Sirrin ƙauyen da labarin ya faru a cikinsa na tuna sarai, amma amsoshin wasa ƙwaƙwalwar duk sun gudu. Na tsallakar da kyarkeci uku da 'yan tsaki uku a kogi kuwa, sai da na zauna ina zane a ƙasa da tsinke, ƙanwata na ta sheƙa dariya. Ka dai riƙa tattalin tsabar neman haske, wato kuɗin cikin wasan da ake kashewa a samu haske kan amsa, don wasa ƙwaƙwalwar da ke gaba sun fi taurin kai.