Zauren Masu Karatu: Kunya Ce Ke Sa Shugabannin Birtaniya Ajiye Mulki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a kasuwar Sabon Gari, rediyo ba ya mutuwa a shagona daga safe har a kira magariba. Gardama ce ta sarƙe tsakanina da maƙwabcina mai sayar da yadi. Ya ce shugabannin Birtaniya kunya gare su, da sun yi laifi sai su ajiye mulki, shi ya sa firaministoci huɗu suka sauka daga 2016 zuwa 2022. Ni kuma na ce in haka ne, don me talakawansu ba su yafe ba, suka zo 2024 suka yi wa jam'iyyar warwas? Ai mai laifin ya riga ya tafi. A raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa keke albarka. Maƙwabcinka ya ƙirga daidai: David Cameron, Theresa May, Boris Johnson da Liz Truss, duka 'yan jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin mazan jiya. A kan dalilin ne ban bi shi ba.

A Birtaniya ba wanda ke jefa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye. Mazaɓu 650 ne, kowace ta tura mutum ɗaya majalisa, jam'iyyar da ta yi rinjaye shugabanta ya karɓi gwamnati, irin yadda muka yi a zamanin Tafawa Ɓalewa. Saboda haka ran firaminista na hannun 'yan majalisarsa, su kuma nasu na hannun mutanen mazaɓa. Ɗan majalisa yakan koma gida ƙarshen mako ya zauna da jama'a ɗaya bayan ɗaya suna kawo kuka. In ya ga duk wanda ya shigo da sunan shugaba yake fara ƙorafi, ya san kujerarsa ce ke rawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba a gaya maka abin yi. Johnson bai tashi da safe ya ji nauyin jama'a ba. A watan Yulin 2022 ministoci da mataimaka sama da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, har ya rasa waɗanda zai cike guraben da su. Ture shi aka yi.

Rabin tambayarka na biyu shi ya fi daɗe mini a rai, domin na ga abin da idona. A 2004 na yi shekara guda ina kwas a birnin Lesta. Mai gidan da na kama haya dattijo ne ɗan asalin Indiya, Musulmi, ya yi ritaya daga masaƙa. Tun da ya fara zaɓe jam'iyyar Leba, babbar abokiyar hamayyar Conservative, yake yi, kamar yadda wasu gidaje a nan cikin birnin Zazzau suka gaji NEPU suka miƙa wa PRP. A 1997, lokacin da Tony Blair na Leba ya ci kujeru 418 ya kawar da mulkin Conservative na shekara 18, dattijon nan ya ce mini har abinci ya raba a unguwa. Sai ga yaƙin Iraƙi. A ranar 15 ga Fabrairun 2003 mutum wajen miliyan guda suka cika titunan Landan suna cewa kada a tafi, yana cikinsu, da ciwon gwiwarsa. Wata guda bayan nan aka tafi. Makaman ƙare dangi da aka ce Saddam ya ɓoye kuma ba a same su ba.

Ina garin aka yi zaɓen cike gurbi a Lesta ta Kudu cikin Yulin 2004. Ranar da 'yan Leba suka ƙwanƙwasa ƙofarmu da takardunsu, bai ɗaga murya ba. Ya karɓa, ya mayar musu, ya ce shi ba zai iya kallon jikokinsa ba in ya sake. Kujerar ta suɓuce wa Leba ta koma hannun Liberal Democrat. Fuskar mutumin nan a bakin ƙofa ita nake tunawa duk sanda aka ce talaka ya dawo daga rakiyar jam'iyya. Ba fushin abokin hamayya ba ne. Baƙin cikin wanda na gida ya ci wa amana ne, kuma ya fi wuyar warkewa.

Blair ya sake cin zaɓe a 2005, amma dubi yadda ƙuri'un suka zube: miliyan 13 da rabi a 1997, miliyan 9 da rabi a 2005. Kuma ba duka Iraƙi ba ne, don tun 2001 kashi 59 cikin ɗari kaɗai suka fito, alhali a 1997 kashi 71 ne. Mai zaɓen da zuciyarsa ta sanyaya ba ya fara da komawa wata jam'iyya, zamansa yake yi a gida. Da Blair ya sauka a ranar 27 ga Yunin 2007, Gordon Brown ya gaje shi ba tare da ko takara ba. To Brown shekara goma yana ministan kuɗin Blair, da shi aka yanke shawarar yaƙin. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Rikicin bankuna na 2008 ya zo ya ƙarasa, a 2010 Leba ta bar mulki.

Akwai inda canjin ya yi aiki, kuma ya kamata ku ji shi a shagon nan, domin magana ce ta haraji. Margaret Thatcher ta ci zaɓe sau uku, sannan ta ƙaƙaba harajin kai, attajiri da mai shara su biya kuɗi ɗaya in dai ƙaramar hukumarsu ɗaya. Duk wanda ya girma a ƙasar nan kafin Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 ya san zafin wannan. A Maris ɗin 1990 aka yi tarzoma a tsakiyar Landan, a Nuwamba 'yan jam'iyyarta suka tilasta mata sauka. John Major da ya hau bai tsaya ga sabuwar fuska ba, ya soke harajin. A 1992 aka sake zaɓensu. Ƙayar aka cire, shi ya sa ƙafar ta taka.

Su kuwa na baya-bayan nan ba su cire komai ba. A lokacin korona an hana mutane zuwa jana'izar iyayensu, ashe ana shagali a gidan gwamnati, har 'yan sanda suka ci Johnson tara a 2022. Sai aka kawo Truss, wadda 'yan jam'iyya wajen dubu 81 kawai suka zaɓa wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 65. Ta fito da rage haraji na bashi, fam ya faɗi, ruwan bashin gidaje ya haura, cikin kwana 49 ta tafi. A watan da ta sauka hauhawar farashi ta kai kashi 11 cikin ɗari. Rishi Sunak ya karɓa, shi ma ba talaka ya zaɓe shi ba. Ranar 4 ga Yulin 2024 kujerunsu suka dawo 121 daga 365 da suka samu a 2019. Truss kanta ta rasa mazaɓarta. Kai ka fi kusa da gaskiya, ɗan'uwa: 'yan majalisar da suka ɗora su, suka tafa musu, su ne dai ke neman ƙuri'a, kuma mai zaɓe bai manta ba.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Samaru. Tunda Leba ta samu kujeru sama da 400 a 2024, ashe ke nan jama'a sun koma sonta?

Amsa: Malama, kujeru ba sa auna ƙauna a can, domin duk wanda ya fi yawa a mazaɓa, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke ɗauke kujerar baki ɗaya. Kashi 34 cikin ɗari Leba ta samu, ƙuri'u wajen miliyan 9.7, ƙasa da abin da ta samu a 2019 lokacin da ta sha kaye. Haushin Conservative ne ya ɗauke ta. A Lesta ta Kudu ma, mazaɓar dattijon nan nawa, babban jigon Leba Jonathan Ashworth ya faɗi a hannun ɗan takara mai zaman kansa, Shockat Adam, kan batun Gaza. Da na ji sakamakon a rediyo da asuba, sai da na yi wa mai gidan nawa addu'a, don ya daɗe da rasuwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Tudun Wada nake rubutowa. Ɗana yana karatu a Ingila, ya ce wai an ba shi damar yin zaɓe. Ni tsoro nake ji kada ya jawo wa kansa matsala da hukuma.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, gaskiya ya gaya miki. Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma ɗan ƙasashen nan da ke zaune a Birtaniya da izinin zama, in ya cika shekara 18, doka ta ba shi ƙuri'a har a zaɓen majalisa. Abin da ake bukata ya yi rajista a adireshin da yake zaune kafin a rufe. Tun 2023 kuma sai an nuna katin shaida mai hoto a rumfar zaɓe, fasfo ɗinsa na Najeriya ya isa. Ranar Alhamis suke zaɓe, ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe a rufe ƙarfe 10 na dare, don haka ko yana da lacca zai samu zuwa bayan ya tashi.