Bafaranshen da ya mai da labarin Yusuf waƙa

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani mawaƙin Faransa da ya shirya wasan kwaikwayo na waƙa a kan Annabi Yusuf (AS). Gaskiya ne? Wane ne shi?

Amsa: Gaskiya ne, sai dai shi ba rerawa yake yi ba. Aikinsa tsara kiɗa a takarda, wasu su kaɗa, wasu su rera. Sunansa Étienne Méhul, an haife shi a 1763 a Givet, wani ƙaramin gari a bakin iyakar Beljiyam ta yanzu. Malaminsa na farko wani makaho ne mai kaɗa ogan, wato babban kayan kiɗan nan mai bututu, a coci. Yana saurayi ya koma Paris, kuma zamanin juyin juya hali ne ya fito da shi, musamman waƙar yaƙin da ya yi wa kiɗa a 1794, "Chant du départ".

Wasan da kake tambaya shi ne "Joseph", an fara nuna shi ranar 17 ga Fabrairu, 1807. Alexandre Duval ne ya rubuta baitocin, kuma daga Littafin Farawa na Baibul ya ɗauko labarin, don haka kada ka zaci Suratu Yusuf za ka tarar. Ana buɗe labule Yusuf ya riga ya zama babba a Masar, yunwa ta koro 'yan'uwansa, ga mahaifinsu Yaƙubu ya makance. Zancen matar ubangidansa ma ba a taɓo shi ba. Kai, babu mace ko ɗaya cikin manyan taurarin labarin, illa dai mace ce ke rera ɓangaren Binyaminu saboda muryar yaro.

A Paris ta lokacin, inda soyayya ce gishirin wasa, wannan kasada ce. A ganina nan gwanintarsa take: ya ɗora nauyin wasan a kan nadamar Saminu, yayan da laifin sayar da ƙaninsa ya hana shi sakat. In ka saurari wurin, za ka ji kiɗan kansa ya kasa zama wuri ɗaya.

Jamusawa sun fi Faransawa riƙe wasan, har Weber, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya jagoranci nuna shi a birnin Dresden a 1817. A Oktoban shekarar tarin fuka ya yi ajalin Méhul, yana da shekara 54. A ƙarshen rayuwarsa ya fi samun natsuwa a lambunsa na Pantin, kusa da Paris, wajen renon furannin tulif.